Wadda Aka Ce Ta Ɗaure Ruwa

Gidan Kalgo, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Laouali,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina aiki, ina baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. An gama girbi. Hatsin bana ba yabo ba fallasa, wake ne dai tsutsa ta raba mu da shi.

Tunda ka ce ba ka son maganar ikkilisiya ta waya saboda ku takwas ne a ɗaki, ga shi na koma takarda kamar zamanin Baba. Zan ɗauki hotonta in turo maka. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, idon yayarka ya fara neman gilashi. Kai kuwa shekara uku ke nan kana Riyad, in an kira ka sai "lafiya lau, lafiya lau", kamar mai gaisuwa a kan keke. Mai bisharar da in ya fara wa'azi sai tuwo ya huce a gida, yau shi ne magana ke yi wa wuya!

To ga abin da ya sa na rubuto. Baba Fasto zai ajiye aiki bayan Ista, ya ce ba ya so ya bar wa magajinsa tsohuwar shari'a. Ka san wadda nake nufi, ta Safiatou maginiyar tukwane. Har yau tana bencin horo, can baya kusa da ƙofa. Ba ta cin Jibin Ubangiji, ba ta shiga zumuntar mata. Dattawa sun ce ko ta tashi gaban jama'a ta amsa laifinta kafin Ista a maido ta, ko a cire sunanta daga littafin ikkilisiya. Ita kuwa taurin kai kamar jakin da ya ga rijiya. In an tambaye ta sai ta ce ba ta san abin da za ta amsa ba.

Bari in tuna maka, don kada ka ce mini ka manta. Kai ka tsaya ranar Lahadi ka ce Ubangiji ya nuna maka ruwa zai sauka kafin kwana bakwai, kowa ya je ya yi binne. Duk muka fita muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran alkawari, har maƙwabtanmu Musulmi suka bi sahu. Ita kaɗai ta bar irinta a tulu, ta ci gaba da shanya tukwanenta a rana. Aka yi yayyafin da ya isa iri ya tsiro, sama ta rufe kwana ashirin da shida, tsiron ya ƙone ƙurmus. Da ruwan gaske ya zo, ita ke da iri, mu muna yawon roƙo gari gari. In ba ɗaure ruwa ta yi don tukwanenta su bushe ba, me ta yi? Kai da bakinka ka ce akwai wanda ya tare mana albarka.

Dattawa biyu sababbi ne, ba su zauna shari'ar farko ba. Shi ya sa Baba Fasto ya ce ka rubuto da hannunka abin da Ubangiji ya nuna maka da yadda ya nuna maka, a karanta mata a gabansu. Wataƙila in ta ji daga gare ka zuciyarta ta karye ta tuba. Ba ƙinta nake yi ba, Laouali. Gwauruwa ce, ga shekaru, ba na so ta mutu a wajen garke.

Ka gaida abokan zamanka. Ubangiji ya tsare ka.

Yayarka, Delou

Dir'iyya, Riyad, 9 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Delou,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da dukan mutanen gida. Na ga takardarki, na gode. Ki gafarta mini jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa.

Kullum kina tambaya wane irin aiki nake yi. Ban ruwa ne. Kamfaninmu na dasa itatuwa a bakin wani kwari da suke kira Wadi Hanifa, inda ake ta gine-gine ba dare ba rana. Ni ke kula da mashtal, wato wurin da ake renon dashe kafin a kai shi fili. Akwai wani akwati a jikin bango. In na danna ƙarfe shida, ƙarfe shida ruwa zai fito daga siraran tiyo ya ɗiga a gindin kowace itaciya. In na danna ya tsaya, ya tsaya. Mudir ɗinmu, shugaban aikin, ba abin da yake ce mini sai "yalla, yalla", wato maza-maza. Ki ga ikon Allah: mutumin da ya kasa kawo wa garinsu ruwa, shi aka ɗora a kan famfo.

Akwai wani dattijo Idrisu, mutumin Damagaram, gadonsa na ƙasan nawa. Ya san ni Kirista ne, bai taɓa ɗaga maganar a gaban kowa ba, sai in mun keɓe ya ce mini "ɗan mishan". Ranar Alhamis da ta wuce aka yi sallar roƙon ruwa a masallatan garin. Ya sa farar rigarsa ya tafi da sassafe. Ya dawo, sama fes, ko gajimaren rantsuwa babu. Ni da shegen baki na ce masa, "Baba Idrisu, ina ruwan da kuka je ɗaukowa?"

Ya dube ni yana naɗe rigar, ya ce, "Kai ɗan mishan, roƙo muka je yi, ba oda muka bayar ba. In ya ga dama ya ba da, in bai ga dama ba nasa ne. Ku a wurinku umarni kuke ba shi?"

Na yi dariya don ya ga na yi. Amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Game da takardar da Baba Fasto ke so, ina roƙon a ɗaga mini ƙafa. Abin ya daɗe, kuma ni yanzu ba mai bishara ba ne, lebura ne mai iƙama, katin izinin zama, a aljihu. Ko littafina ban zo da shi ba. Ba za a iya maido Inna Safiatou haka nan ba, a bar maganar ta wuce? Shekara uku a bencin baya ai ya isa horo ko da mutum ya yi laifin. Ki faɗa wa dattawa ni na roƙa.

Ranar Juma'a zan shiga kasuwar Batha a cikin gari, akwai mai komawa Maradi. Zan ba shi gilashin karatu ya kawo miki, da dabino na Baba Fasto.

Ki gaida kowa da kowa. Na bar ki cikin alherin Ubangiji.

Ƙanenki, Laouali

Gidan Kalgo, 14 ga Janairu

Laouali,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Gilashi ya iso, na gode. Da shi na sake karanta takardarka, na ga ashe ba idona ne ke da laifi ba, kai ne ba ka ce komai ba. An tambaye ka shaida, ka aiko da labarin famfo da dabino.

Me kake nufi da "ko da mutum ya yi laifin"? Wannan "ko da" ɗin daga ina ta fito? Na faɗa wa dattawa roƙonka. Suka ce ba a rufe ciwo da ƙuda a ciki. In an maido ta ba ta amsa ba, an ce ke nan maganar da Ubangiji ya sa a bakinka ƙarya ce. Ɗaya daga cikin biyun ne, ko ita ta tare ruwan, ko Allah ya yi alkawari ya saɓa. Ka ga kuwa na biyun ba mai iya faɗarsa.

Da Kirsimeti mun yi anko, mun dafa shinkafa a harabar majami'a. Ta zo da tsohon zanenta ta zauna a wurinta. Da aka fara rabo ba wanda ya miƙa mata, ita ma ba ta miƙo kwano ba. Ta yi waƙa tare da mu daga farko har ƙarshe, muryarta ma ta fi ta kowa fitowa, abin ya ba ni haushi ban san dalili ba. Tukwanenta yanzu sai ta ɗora wa jaki ta kai kasuwar da ba a san ta ba, don nan ko Musulmin ba sa saye. Su ma iri suka rasa a shekarar.

Kai ne ɗan da Baba ya sayar da bijiminsa ya kai makarantar Littafi. Ni ce na tsaya a bakin rijiya na yi cacar baki da duk wanda ya ce ƙanena gudu ya yi. Na ce musu baƙin cikin taurin zuciyar mutane ne ya kore ka. Kada ka ba ni kunya. Takarda ɗaya ce, ka rubuta abin da ka gani. In mafarki ne ka ce mafarki, in murya ce ka ce murya. Saura wata uku.

Ubangiji ya buɗe maka baki.

Delou

Dir'iyya, Riyad, 10 ga Maris

Zuwa ga Yaya Delou,

Gaisuwa da girmamawa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta a gaban kowa. Sau huɗu ina fara ta ina yagewa.

An yi ruwa a nan cikin watan jiya, ba mai yawa ba a cikin gari. Bayan kamar mako uku mudir ya tura mu da Idrisu da direba mu ɗebo wata irin ƙasa daga jeji, arewa da gari, can bayan filin jirgi. Mun yi tafiyar awa biyu da wani abu, muka bar kwalta. Na taɓa zuwa wurin da rani, ba komai sai tsakuwa da yashi, ko ƙadangare sai ya yi guzuri. Yaya, da muka gangara wani kwari sai na ga kore har iyakar ganina. Ciyawa har ƙauri, furanni masu ruwan ƙwai da shuɗɗa, ga ruwa kwance a wani lungu tsuntsaye na sha. Ba gona, ba bukka, ba sawun akuya. Ba wanda ya yi binne a wurin, ba wanda ya roƙa, ba mai girbewa.

Abin da ya fara zo mini fushi ne, ba zan ɓoye miki ba. Na ce a raina, wannan ruwan da aka zubar inda ba kowa, da rabinsa aka ba Gidan Kalgo a waccan shekarar da ban zama abin da na zama ba. Ina cikin wannan sai maganar da Baba ke yawan karanta mana ta faɗo mini, wadda Ubangiji ya yi wa Ayuba daga cikin guguwa. Ya tambaye shi wa ya fasa wa ruwan sama hanya har yake sauka a ƙasar da ba mutum, don kufai ya sha ya ƙoshi ya fid da ciyawa. Ya tambaye shi ko zai iya ɗaga murya ya kira gajimare su amsa masa. Na yi wa'azi a kan wurin nan sau biyu, har ana cewa Malam ya iya buɗe Littafi. Sai ranar na ji tambayar ni ake yi wa. Na zube zaune a cikin ciyawar. Idrisu ya ce, "Lafiya, ɗan mishan?" Na ce jiri ne. Ya ba ni ruwa, ya ɗauki shebur ɗina ya yi aikin mutum biyu, bai ƙara tambaya ba.

To ga shaidar da kuke nema. Ba mafarki, ba murya. Ubangiji bai nuna mini komai ba.

Kin tuna mutanen aikin gona da suka zo suka ba ni waya saboda ni ke karanta Faransanci? Ta cikinta suke turo saƙon yanayi, aikina in faɗa wa manoma. A kakar da ta gabaci waccan shekarar saƙo ya zo cewa za a yi ruwa mai ƙarfi a kan hatsin da ke shanye. Na faɗa a majami'a, sai dai ban ce daga ina ba. Na ce kawai, "Ku kwashe hatsinku kafin Laraba." Aka kwashe, aka yi ruwan. Washegari tsofaffi na gaishe ni suna rusunawa, wani ya ce annabi ya tashi a Gidan Kalgo. Na ji daɗi, Yaya. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na yi shiru na bar su.

Da bazara ta zo, ranar Asabar saƙo ya ce ana sa ran ruwa cikin mako. Ranar Lahadi na tsaya na ce Ubangiji ya nuna mini. Wannan karon ni na ƙara sunansa da bakina. Ranar Talata wani saƙon ya shigo, ya ce abin ya canja, ruwan kaɗan ne, manoma su dakata da shuka. A lokacin rabin gari bai gama binne ba. Da na fita na yi shela, da an tsira da rabin irin. Amma yaya zan ce Ubangiji ya sake shawara ranar Talata? Na share saƙon. Na tsaya a bakin gona ina kallon mijinki yana zuba irinku, har na ce masa sannu da aiki.

Da tsiron ya ƙone, mutane suka zo ƙofata suna tambaya. Ya kamata a ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni sai na kauce. Na hau mumbari na yi wa'azi na ce akwai wanda ya tare albarka. Ba ni da kowa a raina, na jefa ne don ta faɗa ko'ina ban da kaina. Da aka kira sunan Inna Safiatou ina zaune a kujerar gaba. Ta dube ni tana jira in yi magana, ni kuwa na buɗe littafin waƙa. Ita da ta ce mini tun ranar Lahadin da na yi alkawarin ruwan, a bakin ƙofa, "Malam, iska ba ta juyo ba tukuna, ni zan ɗan jira." Iyakar laifinta ke nan, ta san iska.

Ba baƙin cikin mutane ne ya kore ni ba. Fuskarta ce, kowace Lahadi, a bayan majami'a. Na zaci in na sa hamada tsakanina da ita zan huta. Na yi amfani da sunan Mai sama kamar hatimin ofis, sannan na bar gwauruwa ta biya. Kunya ta ishe ni, ko addu'a in na fara sai in ji kamar ɓarawo na sallama a gidan da ya yi wa sata.

Ki kai wa Baba Fasto wannan. Ki yi da ni yadda kika ga dama.

Ƙanenki, in har kin yarda, Laouali

Gidan Kalgo, 27 ga Maris

Laouali,

Na gaishe ka, don Baba ya koya mana ko da maƙiyi a fara da gaisuwa.

Kwana tara takardarka na cikin wayata ban nuna wa kowa ba. Na yi niyyar share ta, yadda ka share saƙon nan na Talata. Na ce sunan gidanmu, kabarin Baba, bakin mutanen rijiya. Na ce wa zai sani? Ka ga ashe jinin ɗaya ne.

Na zage ka a raina, zagin da ban san na iya ba. Irin da ka tsaya kana kallo ana zubawa, na uwar mijina ne, ta shekara ashirin tana zaɓensa zangarniya zangarniya. Ba mu sake samun irinsa ba. Amma ba wannan ne ya hana ni sakat ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naka. Kai ka ce ba ka da kowa a rai. Ka san wa ya fara kiran sunanta? Kana kujerar gaba, ba ka ga bakin da ya faɗa ba. Ni ce. Ni na raɗa wa matar ma'aji cewa a duba mai shanya tukwane, kafin a tashi maganar ta zaga majami'a. Na yi ne don na ga ana fara kallonka, na ce gara ita da ƙanena. Shekara uku ina ce wa kaina kishin Ubangiji ne.

Ranar Talata na kai wa Baba Fasto. Na karanta masa, don idonsa ya tafi. Bai katse ni ba. Da na gama ya murza sandarsa, ya ce, "Mun ce ko ita ta yi laifi ko Allah ya saɓa. Mu shida muka zauna, ba wanda ya ce a tambayi na ukun, wanda ya kawo mana maganar." Ya yi hawaye, Laouali. Tsoho mai shekara saba'in da shida, saboda ni da kai. Ya ce maganar cire suna ta mutu, kuma ranar Ista za a karanta takardarka a gaban jama'a a maido ta kujerarta. Amma ya ce kafin nan sai an je an faɗa mata, kuma ba shi zai je ba, wanda ya ɓata shi zai je.

Na tafi jiya da hantsi. Na same ta tana cuɗa yumɓu. Na tsaya a bakin danga na kasa sallama, kamar ba ni ce Delou mai baki ba. Ita ta ce, "Shigo mana, rana na dukanki." Na durƙusa na faɗa mata duka, nawa da naka. Hannunta bai tsaya da aiki ba. Da na gama ta ce in miƙo mata ruwa a ƙwarya yumɓun ya yi tauri. Na miƙa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tambaya ko kana cin abinci sosai a can.

Ni na yi nawa. Ka rubuto mata da kanka, ni zan karanta mata. Kada ka sa mata ayoyi, ta fi ka sanin su.

Ban daina fushi da kai ba, amma har yanzu yayarka ce.

Delou

Dir'iyya, Riyad, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Inna Safiatou,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina durƙushe. Ina gajiya, ina aiki?

Inna, Yaya Delou ta faɗa miki abin da na yi, amma ya kamata ki ji daga gare ni. Na yi wa Ubangiji ƙarya, na ce ya yi magana bai yi ba. Na san ruwan ba zai zo ba tun ranar Talata, na ɓoye. Da aka ɗora miki, na san ba ki da hannu, na yi shiru. Ba ki ɗaure ruwa ba. Ba mai iya ɗaure shi, ba mai iya kwance shi, sai Mai shi. Na hana ki teburin Ubangiji shekara uku, na hana ki kasuwa, na sa yaran da kika yi wa goyo suna kauce miki a hanya. Ba ni da hujja ko ɗaya.

Na roƙi Baba Fasto a karanta takardata ranar Ista, kada a rage ko kalma, a kuma faɗa wa maƙwabta Musulmi da suka bi maganata suka yi asara. Na so in zo, amma kafil ɗina, wanda zamana a ƙasar nan ke hannunsa, ya ce ba hutu sai watan Agusta in an gama dashen da ke gabanmu. Gaskiya kuma, Inna, da ya ce haka na ji sauƙi a raina, don ina tsoron idon mutanen Gidan Kalgo. Wannan ma na faɗa miki ne don kada in ƙara ɓoye wani abu.

Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba, ban ga laifinki ba.

Ɗanki mai kunya, Laouali

Gidan Kalgo, 11 ga Afrilu

Malam Laouali,

Ina amsa gaisuwarka cikin sunan Ubangiji. Delou ce ke rubutawa, ni ke faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana.

Na ji takardarka. Tun ranar da ka buɗe littafin waƙa na san akwai abin da ke cinka, ban dai san mene ne ba. Na yafe maka. Ban yafe da sauƙi ba, kada ka zaci haka. Akwai Lahadin da na koma gida na fasa tukunya mai kyau da gangan don in ji ƙarar wani abu.

Shekarar nan da Ubangiji ya hana ruwa bai shawarce ni ba, kai ma bai shawarce ka ba. Ni maginiya ce, ban taɓa ganin yumɓun da ya ce mini ga ranar da zan gasa shi ba. Abin da ya sa ya bar ni a baya shekara uku, shi ya sani. Ban tambaye shi ba, sai sau biyu ko uku.

Amma na ce wa Baba Fasto kada a karanta takardarka ranar Ista. Ya yi ta lallashi, na ƙi. A tsaye ka yi maganar nan, da bakinka, mutane na kallon fuskarka. Ba za a janye ta da muryar Delou ba kana can kana ban ruwa. In an karanta, za su zage ka wata guda su manta, kai kuma ba za ka ƙara taka garin nan ba har ka mutu. Ni ban yarda a maido ni a rasa ka ba.

Wadda ta yi shekara uku, wata huɗu ba zai kashe ta ba. Ka zo Agusta. In ka shigo majami'a kada ka wuce gaba tukuna. Za ka same ni a bencin baya, akwai wuri kusa da ni. Mu zauna tare har a gama waƙa, sannan ka tashi ka faɗa musu.

Ka ci abinci. Ubangiji ya kawo ka lafiya.

Innarka, Safiatou